Kawu Dikko da Kuɗin Mai Kyanwa

Kawu Dikko ƙanin mahaifiyata ne, shi ne na huɗu a ɗakin Inna Rabi, kuma shi ne na farko a gidanmu da ya hau jirgin da ba na Makka ba. A shekarar 2016 ya samu aikin kula da sito a wani kamfanin kayan gyaran mota da ke Ras Al Khor, a Dubai. Ranar da zai tafi, Inna ba ta yi masa doguwar nasiha ba. Abu ɗaya ta sa ya rantse a kai: kuɗin caca ba zai taɓa zama nasa ba. Tana da dalilinta, don caca ce ta cinye gonar yayanta a Gezawa. Tun daga lokacin, duk Asabar idan ta kira shi, maganarta ta ƙarshe ita ce, "Dikko, ana nan kan magana?" Shi kuma ya ce, "Ana nan, Inna."

Riƙe rantsuwar bai yi masa wuya ba, saboda Kawu bai iya cin wasa ba ko kaɗan.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokansa biyu kan biyo shi gidansa na haya a Karama. Akwai Sualah, mutumin zangon Kumasi da ke gadin wata masana'anta, wanda ya koyo wasan karta da ake kira foka a wurin abokan aikinsa. Akwai kuma Maharazu, mai sayar da magani a kemis. Ba sa sa kuɗi. Ƙwallayen dabino suke zubawa, waɗanda matar Kawu, Anti Sa'adiya, ke wankewa ta shanya ta adana a gwangwanin madara. Wasan na burga ne, kowa ya ɓoye abin da ke hannunsa. To shi Kawu, in kati mai kyau ya zo masa, sai ya gyara zaman hula ya ce "Masha Allah" a hankali. In mara kyau ne, sai ya tambaya ko akwai sauran shayi. Shekara huɗu ana haka, bai taɓa tashi da ƙwallo ko ɗaya ba, kuma har ga Allah yana ganin rashin sa'a ce.

Ni na je Dubai a watan Maris na 2020 don saro wa mahaifiyata mayafai, sai korona ta sa aka tsayar da jirage, na maƙale a gidansa. Don haka abin da zan faɗa, a gaban idona aka yi shi.

Da aka hana fita, zaman Juma'a ya mutu, Kawu ya shiga kai da kawo a falo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai ya tuna da wasan da Fahad, wani Balarabe abokin aikinsa, ya taɓa sa masa a waya, har ya karɓi dirhami hamsin a hannunsa. Kawu ya ɗauka kuɗin rajista ne.

Ya buɗe, ya tarar da mutane a tebur, ba fuska sai hotuna. Tunda shi ba ya shiga wuri bai yi gaisuwa ba, sai ya fara rubuta musu sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi yadda ake fama da cutar nan a garuruwansu. Yana cikin tambayar aiki wayar ta fara ƙara, wai lokacinsa zai ƙare. Cikin ruɗewa ya danna maɓallin da ya fi girma. Ashe maɓallin zuba duka kuɗin ne. Kowa ya janye sai wani mai hoton kyanwa, kuma Kawu ya cinye shi tas.

Ya kira Fahad yana dariya, ya ce yau dai ya tara ƙwallaye.

"Wane ƙwallaye? Mabruk, habibi, kuɗi ne na gaske. Turo lambar asusunka su faɗo."

Ranar Lahadi ce. Kawu ya ajiye wayar a kan tebur, ya ja da baya, ya je ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Ya nemi maɓallin mayar wa mai abu abinsa, babu. Ya rubuta wa Mai Kyanwa cewa ya turo lambar asusunsa, shiru. Ya rubuta wa masu wasan doguwar wasiƙa yana bayanin Inna da gonar Gezawa, sai suka amsa da godiya, suka ƙara masa kyautar kuɗi saboda shi abokin hulɗa ne na musamman.

Hanya ɗaya ta rage, ya faɗi wasa a hannun Mai Kyanwa kafin Asabar.

Ya lura mutumin kan shigo bayan la'asar, don haka ya riƙa jiran sa. In katin banza ya zo masa, sai ya zuba duka. Mutane su tsorata su janye, ya kwashe. In Mai Kyanwa ya yi ƙarfin hali ya biyo shi, sai katin ƙarshe ya faɗo daidai da na Kawu. Ranar Talata kuɗin ya ninka. Ranar Laraba wani ya rubuta masa cewa shi gwani ne, Kawu ya kashe wayar ya kwanta da ciwon kai. Ya daina sa ta a aljihu, a leda yake rataye ta a bayan ƙofar kicin. Anti ta kai masa tuwo ya ce a mayar, shi da abinci sai an rabu lafiya.

Ranar Juma'a ya haƙura ya kira abokansa ta bidiyo, ya faɗa musu komai. Sualah ya yi dariya har wayarsa ta faɗi, sai silin muke gani.

Maharazu ya ce, "Ka ba da shi sadaka mana."

"In ba da sadakar kuɗin mutum yana raye? Ai sai ya zama nawa kafin in bayar."

Sualah ya ɗago wayar yana share hawaye. Shi da "massa" yake kiran kowa, wato maigida, irin na mutanen Kumasi. "Massa, kai ne kake wahal da kanka. Daina neman faɗuwa. Zauna ka yi wasa don ka ci, kamar yadda kake yi da mu."

"Me kake nufi?"

"Shekara huɗu muna shan shayinka, massa. Na san abin da nake faɗa."

Kawu ya juya ya dubi Anti, ko za ta tare masa. Ta ce, "Baban Maimunat, ni ke wanke ƙwallayen nan, ban taɓa kwaso su daga gefenka ba."

Ransa ya sosu, amma gobe Asabar. Ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya ce in haɗo shayi. Bayan la'asar Mai Kyanwa ya shigo, aka yi sa'a su biyu ne kawai a teburin. Kawu ya yi sallama, ya tattara duk basirarsa. Kati mai kyau ya zo, ya gyara hula, ya ce "Masha Allah", har ya rubuta wa mutumin don kada ya ga an ɓoye masa. Mara kyau ya zo, ya tambaye ni sauran shayi. Kafin shayin ya huce babu ko fulus a wayar, har da hamsin ɗinsa na farko.

Kawu ya yi hamdala, ya tsaya yana jiran amsa. Hoton kyanwar ya ɓace kawai.

Washegari Inna ta kira, aka yi hirar tsadar gero da ciwon ƙafarta. Daga ƙarshe ta ce, "Dikko, ana nan kan magana?"

"Ana nan, Inna."

"To me ya dushe maka murya?"

"Wani na mayar wa kayansa, ya wahalar da ni."

"Ya gode maka?"

"Ko kallo."

"To ka rabu da shi, ba ɗan mutunci ba ne."

Da aka sassauta dokar fita, zaman Juma'a ya dawo. A zaman farko Kawu ya zo da sabuwar dabara, wai zai yi wasa don ya faɗi, tunda ya gano ta nan cinsa yake. Sualah ya bar shi ya gama zuba duka, sannan ya miƙa hannu ya kwashe ƙwallayen, ya ce, "Na gode, massa." Kawu ya ce wa Maharazu, "Ka ji ko? Wannan ai mutum ne." Ya miƙa min kofinsa ya tambaya ko akwai sauran shayi.