Neman Lifidin Gidan da Ya Rushe

Laraba: Kano zuwa Gumel

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida da jaka ɗaya da lema. A masallacin tasha na yi asuba, amma motar Gumel ba ta cika ba sai shida da minti ashirin.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina duba dawaki, a nan son kayan dokin yaƙi na dā ya shige ni. Yau ina da ɗaki guda cike da su: sulke biyu, sirada, linzamai, takubba. Abin da ban taɓa samu ba shi ne lifidi, wato rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a lulluɓe doki da mahayinsa saboda kibiya. Shi ya sa ban tsaya shawara ba da abokina Malam Garba, baduku mai aikin sirdi a Gumel, ya kira ni. Ya ce ruwan sama ya rushe wani tsohon gida a ƙasar Sule Tankarkar, bango ya danne maigidan ya rasu, kuma wajen tono an ci karo da akwatin kakansa wanda barde ne a zamanin yaƙe-yaƙe. A ciki har da lifidi.

Tafiyar kusan kilomita ɗari da ashirin ce. Mun wuce shingen bincike huɗu, a biyu aka leƙo aka ce mu tafi. Hagu da dama gero ya fitar da kai, amma a kwari ruwa ya kwanta a gonaki. Direba ya nuna mini wani ƙauye da haɓa. "Ka ga can, Baba? Satin jiya gida tara suka zube."

Tara da rabi muka shiga Gumel. Adaidaita ya kai ni rumfar Malam Garba. Tun kafin mu gama gaisawa na ga fuskarsa ba daɗi.

"Likita, ka makara da kwana biyu," in ji shi. Haka yake kirana. "Ɗan mamacin ya sayar wa ɗan gwangwan duk abin da yake ƙarfe ne. An ce gobe za a ɗora wa babbar mota a Maigatari."

"Lifidin fa?"

"Yana ƙauye. Wa zai sayi tsumma? Sai dai hanyar ta cika da ruwa, ko babur ba ya shiga sai ta tsane."

A gidansa na sauka. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ban ci na kirki ba.

Alhamis: Maigatari

Bakwai daidai muka kama hanya ni da Malam Garba, kilomita ashirin da 'yan kai. Ranar kasuwa ce, titi ya cika da shanu da raƙuma da motocin da aka lafta wa buhuna. A shingen bakin gari wani jami'i ya tambaye mu abin da muka zo saye. Na ce tsohon ƙarfe. Ya dube ni da furfurata, ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Sai sha ɗaya muka gano ɗan gwangwan ɗin a bayan kara, wani mutumin Damagaram mai suna Mamman. Tulin ƙarfensa ya fi ni tsawo: ƙafafun gado, garma, tukwanen da suka ɓule. Ya ce in ina da ƙarfin tonawa, bismilla.

Awa biyu muna tono cikin rana. Malam Garba ne ya fara zaro kwalkwalin, hular ƙarfen da barde ke sawa. An daka shi da guduma ya zama kamar faifai.

"Me ya sa?" na tambayi Mamman.

"Don ya shiga buhu, Alhaji. Ni kilo nake saye, ba tarihi ba."

Muka sami likkafa guda, ɗayar ta ɓata. Muka sami linzami mai kaifi irin na dā. Takobin kuwa tun shekaranjiya wani ya saya zai yi lauje biyu da shi. Can ƙasa hannuna ya taɓo wani abu: zobba biyu na baƙin ƙarfe, an zura su a sanda mai tsawon taƙi guda. Mamman ya ce daga akwatin nan ya fito, marin doki ne. Na juya shi a hannuna. Na taɓa ƙafar doki ta fi dubu, na san wannan zobe ba zai zagaye ko ɗaya ba. Na ce a raina wataƙila na ɗan doki ne sabon haihuwa. Na biya kuɗin kilo uku, muka sha fura a tsaye, muka komo Gumel da la'asar.

Juma'a: Gagarawa Tasha

Malam Garba ya ce akwai tsohon maƙeri a Gagarawa Tasha, Baba Ilu, wanda in akwai mai iya tayar da kwalkwalin nan to shi ne. Ni kaɗai na tafi. Mota ta yi minti hamsin saboda ramuka, na ƙarasa a kan babur. Layin dogo yana nan ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai.

Na tarar da Baba Ilu a maƙera, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na baje kayan a kan buhu. Ya shafa kwalkwalin ya girgiza kai. Ya ce in ya sa shi a wuta zai dare, gara in bar shi haka. Likkafar ya ce aikin Barno ce, ya nuna mini inda aka yi mata walda da tagulla. Ina ta rubutawa ina jin daɗi. Da ya iso kan zobban sai ya janye hannunsa.

"Wa ya ce maka na doki ne?"

"Mai sayarwa, Baba. Na ce ko na ɗan doki."

"Kai da aka ce malamin dabbobi ne? Ka taɓa ganin an yi wa ɗan doki dabaibayi da ƙarfe? Igiya ake sawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Kakana ya ƙera irinsa. Babana ya ce girma uku ake yi. Wannan shi ne ƙaramin."

Na ce masa ban gane ba, alhali na gane.

"Barde in ya fita, ba da ganimar shanu kaɗai yake komowa ba. Naɗe abinka, ɗan nan. Ba na son shi a maƙerata ranar Juma'a."

Na yi sallah a masallacinsu, jakar tana gefena. Ban riƙe ko kalma ɗaya daga huɗubar ba.

Asabar: Sule Tankarkar

Shida da rabi muka bar Gumel, kafin bakwai da kwata muna Sule Tankarkar. Daga nan babura biyu muka ɗauka zuwa ƙauyen, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Sau uku muna sauka muna tura babur cikin taɓo.

Gidan ya zama tudun jar ƙasa, azara na leƙowa. Ɗan mamacin, Sale, mutum ne mai kimanin shekara arba'in. Muka yi masa ta'aziyya, sannan na tambayi lifidin. Ya kai mu bayan kangon inda jakinsa ke ɗaure. Ya yanka lifidin gida huɗu ya yi akumari da shi. Na ɗaga gefe guda: ja da baƙin saƙi, ɗinkin hannu layi-layi, audugar rimi ta zubo ta baƙe da gumin jaki. Sauran ukun ruwa ya dafa su, suna wari. Ya ce in kwashe kyauta. Na zaɓi ƙyalle ɗaya da bai kai faɗin darduma ba.

Na fito da zobban na tambaye shi. Ya kawar da kai. "Wannan sai Inna Tabawa," ya nuna wata bukka a ƙarshen shinge, shi kuwa bai biyo mu ba.

Tsohuwa ce ƙwarai, ta haura tamanin, tana zaune a tabarma tana tsinke ganyen tafasa. Muka yi sallama muka zauna nesa kaɗan. Ban san yadda zan fara ba, sai kawai na kwance ƙyallen da na naɗe abin.

"Au, ya dawo," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Miƙo shi nan."

Ta ɗora shi a cinya. Ta ce na kakarta ne, wadda ta haifi uwarta. Tana yarinya 'yar shekara bakwai mahaya suka faɗa wa garinsu da hantsi, tana bakin rijiya. Kakan mamacin nan shi ya ɗauke ta a gaban sirdi. Damina biyu ta yi da wannan ƙarfe a ƙafa saboda ta cika gudu.

"Ni na yi mata wanka da ta tsufa. Duk idon sawunta biyu fari ne kamar ƙuna. Rigar dokin da kake nema, ita ta tsince audugar da aka cusa a ciki."

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ban san haka ba ne."

"Kai me ka yi? Ba kai ka ɗaga shi a gaban jama'a ba."

Sai ta ba mu labarin ranar da gidan ya faɗi. Ɗanta Idi, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ya fara isa. Da hannu ya yi ta tono har farcensa ya cire, shi ya ciro gawar maigidan. Da aka buɗe akwatin bayan kwana uku, maza sun taru, wani daga dangin gidan ya ɗaga zobban sama ya ce, "Idi, ga naku gadon." Wasu suka yi dariya. Idi bai taɓa sanin cewa a bauta aka kawo kakar uwarsa ba. Ita ta ɓoye masa shekara hamsin, tana ganin maganar ta mutu tare da tsofaffi.

"Ya shigo nan ya tsaya inda kake zaune. Ya ce, Inna, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne. Washegari ya ce wa matarsa za shi Kano neman aiki. Gonarsa ga ta can ba mai duba ta. Yau kwana goma sha ɗaya wayarsa a kashe."

Malam Garba ya sunkuyar da kai yana salati a hankali. Na ce mata abin nata ne, na bar mata, in ta so a binne.

"A'a. Ka fitar mini da shi daga garin nan. Jikokina ba za su gan shi ba." Ta zura yatsunta huɗu a zobe ɗaya, babban yatsan ya ƙi shiga. "An ce kana da ɗaki da kake tara kayan mahaya?"

"Haka ne, Inna."

"To, kada ka haɗa shi da su. Ya isa haka nan, zaman da suka yi a akwati ɗaya."

Na yi mata alkawari. Na tambayi sunan kakar. Ta ce a gidan nan wani suna suka laƙaba mata, amma ta taɓa raɗa mata na gaskiya, wanda uwarta ta sa mata: Yagana. Garinsu kuwa har ta mutu ba ta iya tuna sunansa ba, sai dai ta ce akwai giginya da yawa.

Da za mu tashi ta kwatanta mini Idi: dogo, baƙi, da tabo a gira ta hagu. "In ka gan shi a Kanon ku, ka ce masa geronsa ya nuna."

Lahadi: Komawa gida

Na kwana a Gumel, na shiga motar bakwai. Sha ɗaya saura na sauka a Kano, na zagaya tashar sau biyu ina duban fuskokin 'yan dako. Mutum dogo baƙi ya fi a ƙirga.

Azahar ta same ni a gida. Kwalkwalin da likkafar da linzamin da ƙyallen lifidin na ajiye su a ɗakin kaya, na ja ƙofa, ban tsaya kallonsu ba kamar yadda na saba. Zobban suka rage a hannuna ina tsaye a tsakar gida. Maiɗakina, Hajiya Binta, ta fito ta tambaye ni lafiya. Na zauna na ba ta labari tun daga farko. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabon farin mayafi, ta karɓi ƙarfen da hannu biyu ta naɗe shi, ta sa a akwatinta inda take ajiye rigunan yaranmu na jarirai.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Garba da iyalinsa, da Baba Ilu da ya ƙi yi mini kara, da Inna Tabawa da ta karɓe ni alhali abin da na je mata da shi ba na karɓa ba ne. Malam Garba ya kira ni bayan kaka. Ya ce maƙwabta sun taru sun girbe geron Idi sun kai wa matarsa. Idin dai har yau bai koma gida ba. Allah ya jiƙan Yagana, ya mayar da Idi gaban uwarsa tana da rai.