Rami Ɗaya a Takardar Harbi

Abbey Wood, biyar da kwata na asuba

Na bar gida ranar Asabar da ƙarfe biyar da kwata, bayan na idar da sallah. Hajiya Talatu, matata, ta miƙo mini fulas ɗin shayi. Tun shekaranjiya ta gama faɗin nata: wai mutumin da ke jan ƙafa in zai hau benen gidanmu ba shi da abin nema a dajin Kanada.

Ga yadda maganar take. 'Yata Uwani tana aure a Alberta, can Kanada. Mijinta Nasiru yana fita farauta duk kaka, farautar wata barewa mai girman doki, a cikin duwatsun da beyar ke zaune. Beyar kuwa dabba ce da ta fi bijimi ƙarfi, ta fi doki gudu a gajeren zango. Shekara ashirin da shida ina tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Camberwell, ina cika wa kowa kunne cewa ni ɗan Sarkin Baka ne daga ƙasar Ningi. Nasiru ya ji, ya gayyace ni. Sharaɗinsa ɗaya: in je in gwada bindigogi a nan Ingila, in zaɓi mara nauyi wadda zan iya hawan dutse da ita, in harba harsashi uku a jere ina tsaye wuri ɗaya, in aika masa hoton takardar. Daga nan shi zai nemi irinta a can.

Shekarata sittin da ɗaya. Likita ya ce baɗi za a yi mini aikin gwiwa. Ban taɓa kashe babbar dabba ba kafin in bar gida, kuma mahaifina ya rasu yana jiran ranar. In ban je bana ba, ba zan je ba ke nan.

Jirgi zuwa Croydon

Na hau jirgin ƙasa na biyar da arba'in. Tarago cike da masu shara da masu gadi, kowa ya sunkuye cikin rigar sanyi. Na sauka Farringdon bayan minti ashirin, na canza zuwa East Croydon. Bakwai saura kwata ina bakin tasha, ana yayyafi.

Ɗanjuma Bitrus yana jirana cikin motarsa ta haya. Mutumin Pankshin ne, mun yi shekara goma sha biyar muna cin tuwo gidan juna. Shi ya kira filin harbin ya tsayar mana da lokaci, domin Turancina na waya bai kai nasa ba.

"Sarkin Baka, ranka ya daɗe," in ji shi. "Na yi booking ƙarfe tara. In muka makara za su yi cancel, kuma ba sa mayar da ko sisi."

Na ce ya ja mota ya bar surutu.

Hanyar kudu, mil talatin da biyu

Mun tsaya gidan mai da bakwai da rabi, ya sayi burodi mai ƙwai fam huɗu, ni na sha shayin Hajiya. Daga nan gidaje suka ƙare, sai gonaki da tumaki jiƙaƙƙu. Rabona da ganin fili haka har na manta.

A hanya na ba shi labarin yadda Baba ya koya mana harbi da adaka, bindigar da maƙeran ƙauye ke ƙerawa. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura mata albarushi. Saboda haka kafin ka ɗaga ta, ka riga ka zaɓi bishiyarka, domin dabbar da ta ji rauni kan taso wa mai harbi. Kana jan kunama sai ka kawar da fuska don kada hayaƙi ya ci maka ido, ka yi tsalle hagu, ka ruga bayan bishiyar, can za ka ɗura. Wanda ya tsaya kallon abin da ya harba, Baba zai zuba masa tsumagiya a ƙwauri. Na nuna wa Ɗanjuma tabon nawa, yana tuƙi yana dariya. Ni ma dariya nake, da alfahari.

Filin harbi, tara saura minti goma

Wurin tsohuwar gona ce mai ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya karɓi fasfo ɗina ya duba, ya sa na cike takarda shafi biyu, ya tambaya ko an taɓa ɗaure ni. Sai aka haɗa ni da mai koyarwa, wani dattijon Bature mai suna Derek, wanda ya yi shekaru yana raka mafarauta a dazukan arewa. Ya ba ni abin toshe kunne, ya shimfiɗa bindigogi uku a kan tebur.

Bayaninsa bai yi mini daɗi ba. Ya ce a ƙasar beyar ba a ɗaukar ƙaramin harsashi, domin wanda zai kayar da barewa dole ya iya tsayar da beyar in ta jiyo ƙanshin jini ta zo. Babban harsashi kuwa a bindiga mara nauyi shuri yake yi kamar jaki. Mai nauyi tana shanye shurin, amma sai ka ɗauke ta wuni guda kana hawan dutse. Kowace ka zaɓa, akwai inda za ta ƙware ka.

Na fara da mai nauyin, kilo huɗu da rabi. Ya sa na rataya ta na hau wani tudu a bayan rumbu, na sauko, sau biyu. Da na dawo na ɗaga ta, bakinta yana ta zana da'ira a iska. Gwiwa kuma tana zugi. Derek ya karɓe ta a hankali ya mayar kan tebur, abin da ya fi zagi ciwo. Ta tsakiyar ma haka.

Sai ta ukun, kilo biyu da ɗan wani abu. Ina ɗaukarta zuciyata ta kwanta. Ta zauna a kafaɗata kamar da ita aka haife ni. Aka kafa sabuwar takarda a nisan mita ɗari, aka sa harsashi uku. Na leƙa madubin saitin da ke kan bindigar, na riƙe numfashi, na ja kunama.

Ban san abin da ya faru ba sai da na ji Derek ya daka tsawa. Na tsinci kaina taku biyar daga inda nake, a bayan ginshiƙin rumfa, bindiga a hannu, bakinta yana kallon gefen da Ɗanjuma ke tsaye. Ɗanjuma ya durƙusa ƙasa. Ban yi niyyar motsi ba. Ƙafafuna ne suka tafi da ni, har da wannan gwiwar da ba ta iya hawan bene.

Derek ya karɓi bindigar ya zare harsasan. Ya tambayi dalili, na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya sa mini harsashin wasa mara albarushi, ya ce in gwada tsayawa. Sau shida. Da kunama ta ce ƙyas, fuskata ta kauce, ƙafar hagu ta ɗaga. A na shidan na cije leɓe har na ji gishirin jini, duk da haka sai da ta ɗaga.

"Malam Garba," in ji shi, "wanda ya koya maka ya ƙware, don bindigarsa. Amma beyar tana bin mai gudu. Kuma in ka kauce, wanda ke bayanka beyar za ta samu."

Na tambaye shi ko ana iya gyarawa. Ya ce da shekara biyu, ana zuwa kowane mako, watakila. Ba zai sake sa mini harsashi na gaske ba yau.

Aka kawo takardar. Rami ɗaya, a tsakiyar baƙin ɗigon, daidai wa daida.

Komawa

Mun bar wurin sha ɗaya da rabi. Ɗanjuma bai kira ni Sarkin Baka ba har muka iso Croydon, kuma na so a ce ya kira. Ya saya mini shinkafa da kaza, na kasa ci. Baƙin ciki nake ji irin wanda ban ji ba tun ranar da aka bugo cewa an binne Baba ban je ba. Iya harbin yana nan, ban rasa shi ba. Abin da zai hana ni zuwa shi ne kaɗai gadon da na tsallako teku da shi.

A jirgi na ɗauki hoton takardar na tura wa Nasiru, ban rubuta komai ba. Ni kaina ban san abin da nake nufi da hakan ba, ko kuma na sani.

Gida, uku da minti ashirin

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Uwani ce da mijinta, gari bai daɗe da waye musu ba, fuskokinsu cike da murna.

"Baba, duka ukun a rami ɗaya?" in ji Nasiru. "Wallahi ko ni ban taɓa yi ba. Wace ce ka zaɓa? Yau zan yi order."

Hajiya tana tsaye bakin kicin tana kallona. Kalma ɗaya ce tsakanina da dutsen nan, kuma babu mai ƙaryata ni. Na dubi Uwani, ta jingina kanta a kafaɗarsa. Shi ne zai tsaya a bayana.

Na ce, "Harbi ɗaya ne, Nasiru. Na harba na gudu. Kada ka sayi komai."

Uwani ta ce in zo ko da zaman tanti ne, in riƙa gasa musu nama. Na ce to, Allah ya kai mu.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, ya kuma tsare Ɗanjuma daga hannuna. Na gode wa Derek da bai yi mini ƙarya ba. Hajiya ta so ta manna takardar a jikin firji. Na karɓa na ninke ta huɗu, na sa ta a ƙasan akwati, inda ƙahon albarushin Baba yake.