Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Har yau in na tuna taron zumuncinmu na bara a Talata Mafara, sai na ji raina ya ɓaci. An kafa rumfa, an yanka raguna, sai ga wani jikan ƙanen kakanmu, tashin Kaduna, ya warware wani ƙaton ƙyalle da aka buga bishiyar asalin gidanmu a kai. Wai bincike ya yi! Aka yi ta tafi, kowa na dangwala yatsa yana neman reshensa.

Na duba ƙarƙashin sunan kakana, na sake dubawa. Ga baffannina, ga gwaggonnina, babu mahaifina. Wato ni da ƙannena daga sama muka faɗo ke nan.

Na ja shi gefe na tambaye shi. Ko a jikinsa. Ya zaro waya ya kunna mini muryar kakata. Ashe har Bakura ya je, ya ce ta lissafo masa 'ya'yanta, ita kuwa ta fara daga na biyu.

Na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Wace tsohuwa ce a ƙasar nan ke kama sunan ɗanta na fari?"

Mahaifina ne ɗan farinta. Tun yaye aka kai shi riƙo Maradun, can ya girma, can ya rasu ina ƙarami. Don kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, kowa ya san haka. Baffannina ne ma suka fi ƙona mini rai. Yayansu ne fa, sun kuma gani, amma ana rabon nama, sai suka ce in yi haƙuri taro ya watse. Shi kuwa mai binciken ya ce an riga an tura wa dangi ta waya, ba zai taɓa komai ba sai Kaka ta faɗi sunan da bakinta.

Washegari na hau mota sai Bakura, ina huci. Na sami Kaka tana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba, na kunna waya na kai bakinta.

"Kaka, faɗi sunan babana. Sau ɗaya tak. Sun cire shi daga gidan nan."

Ta ture wayar da bayan hannu.

Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce kunyar banza ce za ta mai da jikokinta bare. Ta bar ni na gama tas, gyaɗar na hannunta ba ta ɓare ta ba. Can ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ranar da anka zo ɗaukar shi, yana kuka yana miƙo min hannu, ban kira shi ba," ta ce. "Sai yanzu da ba ya iya amsawa?"