Ratsen Katangar Dodo

Ni ban taɓa son wasan nan na waya ba, kuma har yau ban ce ina sonsa ba. Tun da jikana ya fara shi na gaya masa, ranar da na ga salla ta wuce shi saboda wannan abu, rijiya za ta ci wayar. Ya san ba ni faɗin abin da ba zan yi ba, don haka da an yi kira yake kife ta.

Ɗan ɗana ne. Ni na rene shi a gidanmu na Runjin Sambo tun da uwarsa ta rasu, ubansa kuwa yana kudu wurin nema. Kabu-kabu yake yi da babur, har ranar da mota ta ture shi wajen Ƙofar Atiku, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Mai ɗori ya ɗora, ya ce kada ta taka ƙasa sai ya ba da izini. Munka shimfiɗa masa katifa a zaure, don ɗaki ba ya zaunuwa da zafin bazara.

Da farko 'yan dubiya har ba su samun wurin aje takalmi. Sannu a hankali sunka janye, kamar yadda mutane kan yi. Mutum uku ne ba su janye ba. Akwai taubashinsa, ɗan ɗiyata da ke Tudun Wada, mai koyon walda. Akwai wani dogo mai gyaran waya, da wani gajere tela wanda bakinsa ba ya rufuwa. Kullum bayan la'asar, in sun tashi aiki, sai sun ratso gidanmu kafin kowa ya wuce nasu. Su zube bisa babbar tabarma, kowa ya fito da wayarsa.

Ban yarda da su ba. Samari huɗu a zaure ɗaya, na san abin da ke yawo cikin gari a aljihun yara. Sai na ɗauko kujerata na aje bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ina tsintar shinkafa, idona na kansu. Ban kama su da komai ba, sai dai da wannan zaman na gane wasan, ko da yake ban san ko harafi ɗaya na abin da ke rubuce a wayar ba.

Mutum huɗu ake shiga tare, kowa da ɗan mutum-mutuminsa. Akwai wani ƙaton dodo mai gadin ƙofar wani gari, bayan ƙofar kuma akwai akwati. In an kashe dodon, kowa ya sami kayan yaƙi daga akwatin. Gobe dodon ya sake tashi, a sake. Uku suna da makamai. Jikana ba ya da makami, farar jaka gare shi a baya, shi ne mai magani. Duk wanda dodon ya make ya faɗi, shi zai ruga ya tashe shi. In ya yi jinkiri mutum ya mutu, in mutum biyu sunka mutu an sha kashi, sai a koma farko. Abin na son a yi magana da sauri, shi ya sa suke haɗuwa wuri guda.

Zagin da jikana ya sha a zauren nan, ban taɓa jin irinsa ba.

"Kai gurgu, ina kake? Ga ni kwance!" in ji taubashin.

"Kwanta nan, bawa. Sai na gama da mutanen kirki."

"Wa ab bawan wani? Kawo magani, don Allah!"

Telan kuma ya ce, "Ƙafa ɗaya a duniya, ƙafa biyu a waya, duk da haka ba ka sauri."

Ran farko na yunƙura zan kore su da muciya. Sai na ga jikana yana dariya har yana riƙe cinya saboda zafi. Tun da anka kawo shi gida ban ga haƙoransa ba. Na koma na zauna. Daga ranar na riƙa dama fura da yawa.

Dogon ne ya kawo ratsen. Ya zo wata rana yana rawar jiki, ya ce ya gani a wani bidiyo. Ashe a gefen katangar garin akwai wani dutse, in mutum ya hau shi ya yi tsalle ta wata kusurwa, sai ya faɗa bisa katangar. Daga can sama dodon ba ya iya kai masa hannu. Sai dai ya tsaya ƙasa yana ruri, ana harbinsa har ya faɗi. Sunka gwada. Abin da ke cin su tun la'asar har kusan magariba, sai ga shi sun gama ban ƙare tsintar kwano ɗaya ba. Babu wanda anka taɓa. Jikana ya hau katangar tare da su, ya tsaya da farar jakarsa bai buɗe ta ba.

Sunka yi ta murna. Jikana kuwa ya ce, "Wanga ba wasa ba ne, sata ce."

Nan gardamar ta fara, kuma ta daɗe. Taubashin ya ce wa anka sata? Dodo ne, ba shi da uwa ba shi da uba. Waɗanda sunka gina wasan su sunka aje dutsen, in ba su so a hau, su ɗauke shi. Jikana ya ce mantuwa sunka yi, kuma in maƙwabci ya manta ƙofarsa buɗe ba a ce ya yi gayyata ba. Dogon ya ce ba su kaɗai ba ne, duniya duka ana wannan musu, wasu na cewa wayo ne wasu na cewa lalaci, amma masu cewa lalaci ma in an shiga da su hawa suke yi. Telan ya ce shi zai tambayi liman ran Juma'a ko zaluntar dodo na da zunubi.

Jikana bai yi dariya ba. Ya ce, "To mi ad daɗin? Ka hau bisa ka danna, ka danna, ka sauka. Ko akuya ta iya."

Taubashin ya ce, "Daɗin shi ne data ba ta ƙarewa, kuma maigidana ya bar zagina don na tsere da wuri. Kai kwance kake, ba ka da inda za ka. Mu muna da aiki."

Shi kansa ya san ya taka inda bai kamata ba, sai ya juyo wurina don ya mai da abin raha.

"Amarya, ke raba mu. Ratse laifi ne?"

Na ce masa ni ba amaryar mai baƙin hannu ba ce, kuma duk aikin da anka ce a yi shi a tsaye, wanda ya yi shi a kwance bai yi ba.

Ya ce, "Awo? To yaushe rabonki da turmi? Ba ni nike kai miki gero inji ba?"

Sunka fashe da dariya. Turmina na nan bayan ɗaki kaji na kwana bisansa. Da ana daka, matan layinmu a tsakar gidana suke taruwa da hantsi, yanzu wasunsu sai a gidan rasuwa nake ganinsu. Amma ko an biya ni ba zan koma daka ba, kafaɗuna sun huta. Na dai ce masa ya rufe mini baki.

Ba rana ɗaya sunka daina zuwa ba. Telan ne ya fara, ya ce ɗinki ya yi yawa, zai shiga daga shago. Tunda ba a bukatar ihu, ko'ina mutum yake yana iya hawa dutse. Sannan dogon. Taubashin ya ɗan jure, shi ma ya koma yi daga Tudun Wada. Jikana ya ƙi hawa katangar. Yakan shiga tare da su, ya tsaya ƙasa shi kaɗai gaban dodon, a kashe shi, su kuma su gama daga sama. Daga baya sunka bar jiransa, duk wanda waya ta haɗa su da shi sai su cika huɗu.

Duk tsawon gardamar nan, ko sau ɗaya bai ce musu ku zo ku zauna da ni ba. Maganar ƙa'ida yake yi, da maganar mutunci, da cewa hannunsu zai mutu. Ni da ke bakin ƙofa na san abin da yake faɗi. Su ko ba su ji ba, ko sun ji sun ga ya fi sauƙi su amsa maganar ƙa'idar.

Ya rage cin abinci. Bayan la'asar sai ya juya fuska bango. In babur ya rage gudu a ƙofar gida ina ganin kafaɗarsa ta motsa, in ya wuce ta koma.

Ban iya kallon wannan ba. Na yafa mayafi na hau keke har Tudun Wada, na ishe taubashin gaban shagon walda, na kira shi gefe. Ban yi masa a hankali ba. Na ce ɗan'uwanka na kwance kamar kayan wanki, ku kuna bisa katanga. Gobe ina son in gan ku ku uku, kuma ku bi ta ƙofa kamar mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna. Rabon da ya kira ni Inna ba amarya ba har na manta.

Sunka zo. Da lemo a leda sunka zo, sunka yi sallama a natse, sunka cire takalmi a jere.

"Sannu. Ya jiki?" in ji telan.

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi."

Jikana ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ledar. Taubashin ya ce sun gaji da ratse ne, yau ta ƙofa za a bi. Sunka shiga. Babu wanda ya ce masa gurgu. In ya tashe mutum sai a ce an gode. Ina zaune ina jin abin kamar an sa mini tuwo ba gishiri, amma na ce da kaina a bari su saba.

Can sai jikana ya aje wayar bisa katifa, wasan bai ƙare ba.

Ya ce wa taubashin, "Sau uku ke nan kana tsayawa gaban dodon. Ka san inda za ka kauce."

"Hannuna ne ya zame."

"Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba. Da kayan da kunka tara, in kun so, kun kashe shi tun ɗazu. Faɗuwa kukai don in sami abin yi."

Dogon ya tsura wa tabarma ido. Ashe kwanakin da sunka yi suna kwasar akwati daga sama, sun tara sulke da makaman da dodon ba ya iya yi musu komai ko a ƙasa. Jikana ya ce su tafi, magariba ta kusa, ya gode da lemo. Da sunka fita bai juyo ba ya ce, "Ke kika kira su."

Na ce ni ce.

Ya ce, "Da kin bari."

Ban ce masa na yi kuskure ba, kuma ban faɗa wa kowa haka ba. Na ga yaro na ramewa, na yi abin da na sani. Na iya sa mutum ya zo, na iya sa shi ya zauna har ya sha fura. Abin da ke kawo su da can, wannan ba ya cikin abin da ake aikawa a kira.

Bayan an kwance ɗorin, ƙafar ta gajarce kaɗan, babur ya haramta gare shi. Wajen lokacin ne taubashin ya ratso da gudu wata rana, ya ce masu wasan sun ɗauke dutsen, an toshe ratsen, kowa ya koma ƙofa. Ya faɗa kamar mai kawo albishir, ya ce ka ga, kai ka yi gaskiya.

Jikana ya ce, "Kuna neman mai magani?"

Taubashin ya ce gaskiya su uku ma suna gamawa yanzu, amma ai ana iya shiga da shi, wuri na nan.

Jikana ya ce a'a, su ci gaba.

Ba su daɗe ba ma sunka bar wasan gaba ɗaya, sunka koma wani na tsere da motoci, wanda kowa ke ta kansa. Suna gaisawa da jikana in an haɗu, ba faɗa sunka yi ba. Da salla sukan zo.

Yanzu jikana yana tsaron shagon wani maƙwabcinmu mai sayar da buhunan shinkafa, da sandarsa jingine. In ya dawo bayan la'asar yakan zauna a zaure, wani lokaci ya shiga wasan da baƙin da bai sani ba, masu yarukan da ba mu ji. Ina jin rurin dodon daga tsakar gida, shi ba ya cewa komai, su ma in sun yi magana bai san ko zaginsa suke ba. Kujerata na nan bakin ƙofa, ko da yake babu wanda nake tsaro.

Babbar tabarmar na daɗe ina shimfiɗa ta. Wata rana ya ce in naɗe, tana tara ƙura ne kawai. Na naɗe ta na jingine bayan ɗaki kusa da turmin, na kawo ƙarama.