Ɗigon Ruwa a Kan Gilashi

Mai shara ba ta yarda da baƙon nan na ɗakin gwaji ba. Siriri ne, yatsunsa duk jan rini, ga baƙin tabarau a cikin ɗaki. Yana ɗiga ruwa a kan gilashin da ya shafa wa rini, ya haska shi da koren haske, ya riƙe numfashi.

"Malam, me ake nema?"

"Yadda ruwa ke kewaye rini, Inna. Kafin ƙiftawar ido an gama."

An gama, amma wata uku yana nan? Ruwa ba ya tsami banza. Ko gidansa ne ba ya zaunuwa?

Ta miƙa tsumma za ta goge gilashin. Ya tare da hannu biyu, kamar ta nufi jaririnsa da wuƙa.