Inda Ruwan Gidanmu Yake Zuwa

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibin kwalejin horon malamai, an tura ni koyarwar gwaji a wata sakandaren 'yan mata kusa da Ƙofar Doka. Labarin ƙasa nake koyarwa. Kullum bayan sallar asuba nakan zauna kan tabarma a tsakar gida in rubuta tsarin darasin ranar, mahaifiyata na gefe tana dama koko. Rabin lokacin kuwa a mafarkin ido biyu yake tafiya. Ina riƙe da biro, amma zuciyata tana can cikin kwalekwale a kogin Nilu, ni da ko iyo ban iya ba.

A tsarin darasi akwai gurbin da ake rubuta abin da ɗalibai suka riga suka sani. Ranar da malamar kwaleji za ta zo duba ni, darasin kogi ne. In na faɗi, sai na maimaita shekara, ga shi na riga na faɗi sau ɗaya. Na rubuta a gurbin nan: ɗalibai ba su san komai game da kogi ba. Tsabar jin kai, har na karanta da ƙarfi.

Mahaifiyata ta ajiye ludayi. "Ikon Allah! 'Yan matan da ke kwashe ruwa daga ɗakunan iyayensu duk damina? To kai malam mai sani, ruwan indararon nan ina yake zuwa?"



Sai ta bi mini shi da baki, a hankali, kamar tana raka baƙo. Daga indararo ya bi rariya, ya fita lungu, ya wuce ƙofar gidan marina, ya huta a kududdufi. In kududdufi ya ƙoshi, ya tsallake ta inda ganuwa ta zube, ya shiga rafi. "Daga nan kuma ban san hanya ba," in ji ta, "kai ka yi boko."

Ban gyara ko harafi a tsarin darasin ba. Na ga ai tatsuniyar tsofaffi ce.

Malamar ta iso, wata dattijuwa 'yar Wusasa mai tabarau, ta zauna bayan aji da littafina a hannu. Na fara ke nan ruwa ya kece. Kan rufin kwano kuwa, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Gumi ya keto mini. Wallahi tsoro na ji.

Da na rasa abin yi, sai na zana indararo a allo, na rubuta tambayar mahaifiyata. Na miƙa wa ɗalibai alli. Wata ta zana lungunsu, wata ta ƙwace ta ƙara kududdufin unguwarsu, suna musu da hannu. Ni kuma na ɗora daga inda suka tsaya: kogin Galma, kogin Kaduna, kogin Neja, teku. Duk suka juya taga suna kallon ruwan da zai riga su ganin teku.

Bayan darasi malamar ta ce, "Malam, abin da ka rubuta daban, abin da ka koyar daban. Na ba ka makin wucewa, da ƙyar. A wane littafi ka samo wannan?"

Na ce, "Wajen mahaifiyata."

"To ka sa ta a madogara, ƙarshen shafi. Ba a cin haƙƙin mai ilimi."

Na koma gida da niyyar gaya wa mahaifiyata, kunya ta hana ni. Na ce gobe. Haka gobe ta yi ta zuwa har Allah ya karɓi abinsa, ba ta taɓa sanin ita ta fitar da ni ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Shekara ashirin ke nan ina koyarwa. Duk ranar darasin kogi, a jerin littattafan da na dogara da su, ita nake fara rubutawa. Allah ya jiƙan Inna.