Kwamfitir ɗin Baba Lukumanu da Na Surukinsa

Baba Lukumanu na unguwar Gassi jikan mutanen nan ne da suka taso daga Katsina a ƙafa za su Makka, suka iso Njamena suka ce ai nan ma Allah yana nan. Ya daɗe yana aikin kuku a gidan wani Bafaranshe, ya fito da abu biyu: ciwon baya da iya kwamfitir ɗin tuffa, wanda 'yan Najeriya ke ce wa jam.

In ka ga yana haɗawa sai ka rantse magani ne. Ya feraye tuffa, ya yayyanka, ya zuba sukari da ruwan lemun tsami, ga citta, ga kanumfari, ga kirfa, ya yi ta juyawa a kan gawayi. Kwalaben ma sai ya tafasa su, ya cika su da zafinsu, ya rufe gam ya kife. Haka suke wata da watanni a zafin garin nan ba su yi komai ba.

Duk wannan wahala don mutum ɗaya ce: Kausar, 'yarsa ta fari. To ka san kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai “yarinyar nan”. Abin da baki ya kasa faɗa, kwalba ke kai mata.

Sai aka aurar da ita ga Abdulmuhaimin, wani ɗan Kano mai sayar da kayan marmari a unguwar Mardjandafak. Rannan Hansatu, matar Baba, ta dawo daga gidan tana washe baki.

“Malam, ka huta. Mijinta ya koya a waya. Wai nasa har ya fi laushi.”

“Wa ya ce?”

“Ita.”

Baba ya ce madalla, amma ranar ko shayi bai sauka ba. A waya! Abin da ya ƙone yatsu ya koya, wani ya kalla yana kwance.

Da safe ya hau bas, aka jijjiga shi har tsakiyar gari, wai ya zo duba gawayi ne ya biyo. Surukin na jin sallamarsa ya gaida shi a tsugune, ya sulale. Kausar ta kawo burodi da kwamfitir ɗin mijinta, ta fita. Baba ya lasa yana neman aibi kamar mai neman allura a rairayi. Bai samu ba. Abin nan da daɗi, Allah ya isa.

Sai idonsa ya kai kan kwalaben surukin da ke jere a kantar ɗakin. Murafu sako-sako, kuma daga gani da sanyinsa aka zuba. Ba za a daɗe ba fumfuna za ta hau. Kalma ɗaya ta isa ta gyara. Baba ya haɗiye ta, ya koma Gassi yana raha da kwandasta.

Fumfunar kuwa ta zo. Hansatu ce ta sake kawo labari, wannan karon babu dariya.

“Kankare saman take yi, ta ci na ƙasa, don kada ransa ya ɓaci. Ga ta da juna biyu, Malam.”

Baba ya miƙe tsaye. Shi kansa bai san wanne ya fi ƙona shi ba, tsoron cikinta ko wannan irin so da ake yi wa ɗan Kano.

Ya koma gidan da tukunyarsa a ka. Suruki ba ya zama da suruki ido da ido, don haka ya juya wa Abdulmuhaimin baya, ya fuskanci murhu, yana magana da tukunya.

“A gaya wa mai waya, kwalba tafasa ta ake yi.”

“To, Baba.”

“A gaya masa da zafi ake zubawa. Ba fura ba ce.”

“An ji, Baba.”

Kausar na bayan labule tana toshe baki. Babu abin da ya rage na tsare kwamfitir da bai koyar ba, har kifewar. Amma da aka kusa saukewa, sai ya ce gawayi ya yi ƙasa, a je a ƙaro. Surukin na fita, Baba ya zaro kimba guda daga aljihu, ya jefa, ya juya, ya tsame ta kafin a dawo.

Kausar ta ɗanɗana a bakin cokali, ta lumshe ido.

“Kalas, shi ke nan. Wannan na Abba ne.”

Har yau Abdulmuhaimin na yi, nasa kuma ba ya lalacewa. Sai dai kullum yana tambayar waya me ya rage, ita kuwa waya ba ta san aljihun Baba ba.